Katin da ba yabo ba fallasa, a kujerar mai fara magana

A gasar foka, wato wasan karta da ake zubi a cikinsa, kati mai kyau ƙwarai ba ya wahalar da mai shi, haka ma marar amfani. Wanda ya ɗaga nasa ya ga As biyu ya san zubawa zai yi, wanda ya ga 7 da 2 masu alama daban-daban ya san ajiyewa zai yi. Inda ake gane ƙwararre da ɗan koyo shi ne katin da ba yabo ba fallasa: Q da 9, K da 7, J da 8, ko As tare da ɗan ƙaramin kati. In kuma aka haɗa wannan da zama a kujerar da dole kai ne za ka fara magana a kowane zagaye, to an zo wurin da kwabban 'yan gasa, wato abin da ake zubi da shi a madadin kuɗi, ke zurarewa kaɗan-kaɗan, mutum bai ankara ba sai ya ga gabansa ya yi fili.

Hukuncin caca a addininmu sananne ne, kuma ba kiran kowa nake yi ya sa kuɗinsa ba. Abin da ya ja ni ga wannan wasa shi ne lissafin da ke cikinsa, wanda ya ja masana tun da daɗewa. John von Neumann, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na ƙarni na 20, da sauƙaƙƙen nau'in foka ya yi misali a aikin da ya fitar tare da Oskar Morgenstern a 1944 kan yadda mutum ke yanke shawara alhali abokin karawarsa na ɓoye masa wani abu. Matsalar da za mu duba ita ce ainihin wannan: yanke shawara kafin ka ga abin da ɗayan zai yi.

Ga wanda bai san tsarin ba, a nau'in da ake kira Texas Hold'em kowa na karɓar kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiyar tebur na kowa da kowa: uku a tare, sai na huɗu, sai na biyar. Wanda haɗin katinsa da na tebur ya fi ƙarfi, ko wanda kowa ya ajiye ya bar shi, shi ke kwashe tulin abin da aka zuba. Akwai zagayen zubi kafin a buɗe komai, da kuma bayan kowace buɗewa. In magana ta zo kanka, ko ka wuce ba ka zuba ba, ko ka zuba, ko ka amsa zubin wani, ko ka ƙara a kai, ko ka ajiye katinka ka fita. Akwai ɗan faifai da ke zagaya teburin, wanda yake gabansa shi ne mai magana a ƙarshe bayan an buɗe kati. Mutum biyun da ke hagunsa su ne ke sa zubin dole, ƙarami da babba, tun kafin su ga katinsu. Tarkon yana nan: kafin a buɗe kati, masu zubin dole ne ke magana a ƙarshe, har a ga kamar an yi musu rangwame. Da zarar an buɗe ukun farko, su ne na farko, kuma haka za su zauna har a gama.

Duk wanda ya taɓa ciniki a kara ya san bambancin wanda ya fara tayawa da wanda ya tsaya ya ji tayin. Mai fara magana ya fallasa wani abu, ko da shiru ya yi. In ya wuce, ya nuna rauni, ko aƙalla ya bai wa ɗayan zaɓin ganin kati na gaba kyauta. In ya zuba, ya bai wa ɗayan damar ƙara masa. Mai magana a ƙarshe shi ke da ikon cewa tulin tsakiya ya tsaya a nan, ko ya ƙaru. Wannan iko ba a ganinsa a fuskar kati, amma kuɗi ne.

Mu ɗauki lissafin da ke yaudarar mutane. A ce babban dole 1,000 ne, ƙarami 500, kuma mai babban dolen ya ƙara wani 1,000 na kuɗin shiga a madadin teburin duka, kamar yadda yawancin manyan gasa ke yi yanzu. Kowa ya ajiye har zuwa mai faifai, shi kuma ya ƙara zuwa 2,000, ƙaramin dole ya fita. A tsakiya akwai 4,500. Kai da ke babban dole, 1,000 kawai za ka cika don ka yi takarar tulin 5,500. Wato in za ka ci sau 18 cikin 100, ba ka yi asara ba. Mai faifai kuwa yana ƙari da katuna iri-iri, masu kyau da marasa kyau, don haka ko 7 da 2 ma sun haura wannan kashi in za a buɗe katuna biyar ɗin a kwatanta. Da Q da 9 kuwa ai sai mutum ya ga kamar banza ta faɗi.

Sai dai wancan kashi ya ginu ne a kan cewa za ka ga katuna biyar ɗin ba tare da ka sake biyan ko kwabo ba, kuma babu wanda zai bar ka. Mai riƙe da kati biyu mabambanta yana dacewa da ɗayansu a buɗewar farko sau 32 cikin 100 ne kacal. Sau biyu cikin uku ba ka samu komai ba. Ka wuce, ya zuba kashi ɗaya cikin uku na tulin, ka ajiye. Sau da yawa shi ma bai samu komai ba, wani lokaci ma katinka ya fi nasa, amma shi ya kwashe saboda ya ga ka wuce tukuna. Rabon da lissafi ya ce naka ne, wani ɓangarensa ya tafi ba tare da an kai ga buɗe kati ba.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne ranar da ka dace. Q ta faɗo, ka samu tagwaye, wato kati biyu masu daraja ɗaya, mafi girma a tebur, amma abokin rakiyarta 9 ne. In shi ba shi da komai, zai zuba sau ɗaya ya daina, ka ci ɗan kaɗan. In yana da Q da K, ko Q da As, zai zuba sau uku. Duba yadda abin ke hauhawa: a tulin 5,500, in yana zuba kashi biyu cikin uku kowane zagaye kana amsawa, za ka biya kusan 3,700, sannan kusan 8,600, sannan kusan 20,000. Katin da ka shiga da shi saboda 1,000 ne kawai ya ci maka sama da 32,000. Ka ci kaɗan in ka fi shi, ka yi asara mai yawa in ya fi ka, kuma shi ne mai zaɓar wanne daga ciki za a yi.

Wannan ba yana nufin a riƙa gudu ba. Tun da manhajojin warware wasa irin su PioSolver suka bazu daga 2015, abin da suka nuna shi ne mai babban dole ya kamata ya kare kujerarsa da katuna masu yawa fiye da yadda 'yan da suka zata, musamman in ƙarin ɗan kaɗan ne kuma akwai kuɗin shiga a tuli. Amma sun kuma nuna cewa ba duk katin tsaka-tsaki ne ɗaya ba. Q da 9 masu alama ɗaya sun fi Q da 9 masu alama daban da kimanin kashi 3 kawai in an ƙirga a tsaye, amma a wasa tazarar ta fi haka, domin mai alama ɗaya yakan samu dalilin ci gaba, yakan kuma samu abin yin burga da shi wanda ke da mafita in an amsa masa. Mai ƙaramin dole kuwa halinsa ya fi muni: zai cika 1,500, yana bukatar kashi 25, ga kuma wani a bayansa da zai iya ƙara musu duka. Shi ya sa a wannan kujera aka fi son ko dai ka ƙara ko ka fita.

Misalin da ya fi kowanne nuna wannan al'amari ya faru ne a Las Vegas a watan Mayun 2003, a gidan Binion's Horseshoe, inda aka fara Gasar Foka ta Duniya tun 1970. Mutum 839 suka shiga babbar gasar a waccan shekara, kowa da dala 10,000, aka tace har saura biyu. Ɗaya Sammy Farha ne, haifaffen Lebanon mazaunin Houston, gogagge da aka san shi da sigarin da ba ya kunnawa a bakinsa. Ɗayan Chris Moneymaker ne, akanta daga jihar Tennessee, wanda ya samu kujerarsa ta wata ƙaramar gasa a intanet. Na ɗaya zai tafi da dala miliyan 2.5, na biyu miliyan 1.3.

Moneymaker ne ke da faifai, yana riƙe da K na sifed, wato baƙar alamar nan mai kamar ganye, da 7 na zuciya. Ya ƙara zuwa 100,000. Farha na da Q na sifed da 9 na zuciya, ya amsa. Aka buɗe 9 na sifed, 2 na daiman, 6 na sifed. Farha ya samu tagwaye mafi girma a tebur, ya wuce, yana jiran ɗayan ya zuba. Moneymaker shi ma ya wuce. Tun a nan an ga amfanin kujera: mutumin da ba shi da komai ya ga kati na huɗu kyauta.

Kati na huɗu ya zo 8 na sifed. Yanzu sifed uku ne a tebur, ga kuma 6, 8, 9 da ke neman haɗa jere, wato kati biyar masu bin juna. Farha ya zuba 300,000 a tulin da bai wuce kimanin 200,000 ba. Moneymaker ya ƙara zuwa 800,000. Har yanzu ba shi da ko tagwaye, amma ba hauka ya yi ba. Duk sifed ɗin da ya faɗo zai ba shi biyar masu alama ɗaya da K a sama, wanda ya fi na Farha mai Q. Duk 5 ko 10 za su cika masa jere. K ma za ta ba shi tagwayen da suka fi 9. In ka ƙirga, katuna 17 ne cikin 44 da suka rage, kusan kashi 39. Farha ya amsa, tuli ya kai kimanin miliyan 1.8.

Kati na biyar 3 na zuciya ne, bai taimaki kowa ba. Farha ne ke gaba da tagwayen 9. Amma shi ne mai fara magana, ya wuce. Moneymaker ya tura duk abin da ke gabansa, ya sunkuyar da kai a bayan baƙin tabarau. Farha ya daɗe yana juya kwabbansa, har ya furta cewa da alama ɗayan bai samu sifed ɗin da yake nema ba, wato ya karanci abin daidai. Duk da haka ya ajiye. Ba da jimawa ba Moneymaker ya ci gasar. Da yake tashar ESPN ta nuna katunan da ke rufe ta 'yar kyamarar jikin tebur, duniya ta ga abin da Farha bai gani ba, kuma a shekarar da ta biyo baya mutum 2,576 ne suka shiga.

Masu kallo sun fi ɗora wa Farha laifi a kan ajiyewar ƙarshe. Ni a ganina an kama wurin da ba shi ba. A kati na biyar, abin da ke hannunsa ba ya cin komai sai burga. Duk katin kirki da zai sa mutum ya ƙara a na huɗu sannan ya tura duka a na biyar ya fi tagwayen 9. Tambayar ita ce sau nawa wannan mutum ke yin haka ba shi da komai. In an zuba maka daidai da tuli, sai ka ci sau ɗaya cikin uku kafin amsawa ta biya, in kuma zubin ya fi tuli sai ka ci fiye da haka. Mutumin da yake gasarsa ta farko a zahiri, da miliyoyi a gabansa, ba a tsammanin zai yi irin wannan burga sau da yawa. Ajiyewar tana da hujja.

Matsalar ta faro ne a kati na huɗu. Zubin da ya ninka tuli sau ɗaya da rabi, da tagwaye ɗaya, a teburin da ya cika da hatsari, ya kori katunan da Farha ya fi, ya bar waɗanda suka fi shi ko suke da hanyoyi da yawa na wuce shi. Ya kuma buɗe ƙofar a ƙara masa. Da aka ƙara, amsawarsa ba ta da laifi a lissafi, domin 500,000 zai cika a tulin da zai zama miliyan 1.8, kusan kashi 28 yake bukata, ga shi da Q na sifed. Amma a daidai lokacin da yake tura waɗannan kwabbai ya kamata ya riga ya amsa wa kansa tambaya guda: in katin ƙarshe ya zo bai canza komai ba, aka tura mini duka, me zan yi? In amsar ita ce zan ajiye, to ya sayi kati ɗaya ne da tsada yana fatan sifed ɗin da ma zai jefa shi cikin halaka. Da ya wuce a na huɗu ya amsa zubi madaidaici, da ya isa ƙarshe a tuli ƙarami, inda amsawa ba za ta ɗauki ransa a gasar ba. Katin tsaka-tsaki yana son tuli tsaka-tsaki, kuma mai fara magana hanya ɗaya yake da ita ta hana tuli kumbura, ita ce kada shi da kansa ya hura shi.

Wucewa ba ta nufin miƙa wuya. Mai fara magana yana da makami guda mai kaifi, wato ya wuce, a zuba, ya ƙara. Amma ba da katin tsakiya ake yin sa ba. Ana yin sa da kati mai ƙarfi sosai, ko da wanda bai cika ba amma yana da hanyoyin cika. Kasancewar abokin karawa ya san kana iya yin haka ne ke hana shi zuba maka a kowane lokaci, kuma wannan ne ke kare raunanan katunanka su isa ƙarshe da arha. Akwai kuma teburan da suka fi dacewa da mai babban dole, kamar a buɗe 7, 6, 5, domin shi ya fi riƙe ƙananan katuna masu jere. A irin wannan ne fara zubi ke da ma'ana. In kuwa aka buɗe As, K da wani ƙarami, teburin na mai ƙari ne, wucewa ta fi.

Yawan kwabban da ke gabanka ma yana sauya komai. A farkon babbar gasar Las Vegas ta yanzu, kowa na farawa da 60,000, ana ɗaga zubin dole duk bayan awa biyu, don haka a ranar farko mutum na da ninkin babban dole ɗaruruwa. A nan ne rashin kujera ya fi tsada, saboda akwai zagaye uku cur da za a matsa maka, kowanne ya fi na baya. In kuwa kwabbai sun ja baya, a ce 15,000 suka rage maka bayan ka biya dole na 1,000, lamarin ya juya. Mai faifai ya ƙara zuwa 2,000, ka tura duka. In ya ajiye, ka ɗauki 4,500, kashi 30 na abin da ke gabanka, ba a buɗe kati ko ɗaya ba. In ya amsa, za a buɗe biyar ɗin duka, babu sauran mai fara magana da mai ƙarshe. Shi ya sa As da 5, ko ƙananan tagwaye, waɗanda ke da wuyar sarrafawa bayan buɗewa, suka fi kyau a tura su a irin wannan hali.

Saura abin da ya raba gasa da wasan da kwabo ke daidai da kuɗi. A gasa, kwabon da ka rasa ya fi wanda ka ci daraja. Tsarin da ake auna wannan da shi ya samo asali daga lissafin da David Harville ya yi kan tseren dawaki a 1973, daga baya Mason Malmuth ya kawo shi cikin foka. Misali zai fi bayani. Mutum uku suka rage, kwabbansu daidai, kyaututtuka 50, 30 da 20. Kowa rabonsa 33.3 ne. In biyu suka tura duka, wanda ya faɗi ya tashi da 20, ya rasa 13.3. Wanda ya ci yana da kashi biyu cikin uku na kwabbai, rabonsa ya zama 43.3, ƙarin 10 kawai. Ragowar 3.3 ta tafi ga na ukun da ya naɗe hannu yana kallo. Don haka kafin ka amsa irin wannan turi, sai kana da damar ci da ta haura kashi 57, ba 50 ba. Abin lura, wannan bai shafi Farha ba: in saura mutum biyu, babu ɗan kallo da zai amfana, kwabo ya koma daidai da kuɗi.

Inda abin ke cizo shi ne dab da shiga kuɗi, tunda a manyan gasa kimanin kashi 15 na waɗanda suka shiga ne ake biya, da kuma teburin ƙarshe inda tazarar kyaututtuka ke da faɗi. Wanda ya fi shan wuya a nan ba mai 'yan kwabbai ba ne, shi ba shi da abin da zai kare. Mai matsakaicin tari ne, wanda in ya jira wasu za su faɗi kafin shi, in kuma ya yi karo da babba zai iya fita hannu rabbana. A ce shi ne a babban dole da Q da 9, mai faifai kuma ya fi kowa kwabbai. Farashin shiga bai canza ba, 1,000 ne a kan 4,500. Amma kowa a teburin ya san ba zai iya amsa zubi uku da tagwaye ɗaya ba, mai faifai ya fi kowa sani, don haka zai yi ta zubawa ko da me yake riƙe. Katin da za ka kare da shi ba tare da tunani ba a tsakiyar gasa, a nan wasu daga ciki sai a ajiye tun farko, musamman masu alama daban. In kuwa mai faifan ne ke da ƙarancin kwabbai kai ka fi shi, tsoron ya koma kansa. Shi ne ba zai so tuli ya girma ba, zai riƙa wucewa a bayanka, kuma za ka ga katuna na huɗu da na biyar da arha fiye da yadda kujerarka ta saba ba ka. Kafin ka duba katinka a babban dole, ka fara duba tarin wanda ya ƙara, da na mutum biyu ko uku mafiya ƙarancin kwabbai a teburin.